Wasiƙa daga Jamus: yadda ake duba bindigar gasa kafin a biya kuɗi

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ina gaida ku daga Ulm, a kudancin Jamus, inda sanyi ya fara kankama.

Tun da hoton Baturken nan Yusuf Dikeç ya karaɗe wayoyi a gasar Olamfik ta Faris a 2024, hannu ɗaya a aljihu yana harbi, har ya samu azurfa, wasunku ke tambayata ko irin wannan wasan nake yi. Shi ne. Na san a wajenmu kalmar bindiga ba ta zuwa da daɗi a kunne a 'yan shekarun nan, amma a nan wasa ne na kulob, tsofaffi da mata da matasa, ƙarƙashin doka mai tsauri. Ana tsayawa nisan mita 10, a harba ɗan dalma mai kaurin milimita 4.5 da ƙarfin iska, ana neman da'irar tsakiyar takarda, da'irar da faɗinta milimita 11.5 ne kacal.

Shekara guda na yi ina aron ta kulob kafin na yi niyyar sayen tawa. Sabuwa ta fi ƙarfin aljihuna, sai na nemi ta hannu. Na samu wata Steyr LP10, ƙirar Ostiriya, tana sheƙi kamar yau aka fito da ita. Saura ƙiris in biya. Wani dattijo da ke koyar da mu ya karɓa, bai ko kalli sheƙin ba, ya kwance tukunyar iskar da ke ƙarƙashin bututun, ya nuna mini shekarar da aka buga a jikinta. Ta haura goma. Tukunyar nan tana ɗaukar matsin iska har bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsi), kuma bayan shekara goma ba a yarda a shiga gasa da ita, dole a sayi sabuwa. Kuɗinta kaɗai ya cinye arahar da nake murna da ita. Sayen nagari, mai da kuɗi gida, sai a Jamus na ga ma'anarsa da idona.

Daga nan ya koya mini sauran. A cika tukunyar a ajiye ta kwana, idan allurar ma'auni ta sauka da safe, robobin ciki sun mutu. Gyara ne mai sauƙi, amma a cire shi daga farashi. A yi harbi goma ta gaban na'urar auna gudu. Ba ƙarfi ake nema ba, ana so kowane harbi ya fita kusan daidai da na baya, wajen mita 150 a daƙiƙa. In wani ya yi sama wani ya yi ƙasa, akwai ciwo a ciki.

Kunama kuwa ita ce ran abin. Doka ta ce kada nauyin janta ya gaza giram 500, kuma kafin gasa alƙalai na iya rataya mata ƙarfe su gwada. Amma awo ba ya gaya maka komai. Ja ta sau ashirin, ka ji ko a wuri ɗaya take sakewa kullum, ba ƙaiƙayi, ba ja da baya. Na taɓa riƙe wata da mai ita ya yi ta murɗa sukurorinta har kawunansu suka cinye. Da ganin sukurori irin waɗannan ka san hannun da ba gwani ba ya shiga ciki, ka ajiye kawai.

Sai bakin bututu. Ƙwarzane ɗaya a gefen ramin da dalma ke fita ya isa ya watsa harbi, ko da sauran jikin lafiya lau. Ka haska da fitila, ka leƙa ciki ma ko akwai tsatsa.

Abin da na fi raina a da shi ne ƙota. Ana sassaƙa ta da itace daidai tafin hannu, akwai ƙarama, matsakaiciya da babba, akwai ta bahago. Mutane da yawa sukan kankare tasu ko su cika ta da danƙo don ta zauna musu. Wadda ta dace da hannun Bajamushe mai kauri ta zame mini kamar takalmin aro.

Ta fuskar doka, mai iska da ke ɗauke da harafin F a cikin zane mai kusurwa biyar, duk wanda ya kai shekara 18 zai iya saya. Mai harsashi ta mita 25, irin su Walther GSP da Pardini, sai da lasisi, da jarrabawa, da shekara guda ana zuwa kulob. Ita ma dattijon ya ce a duba gefen ɗakin harsashi, domin jan kunama babu komai a ciki yakan lotsa wurin.

A ƙarshe wata Feinwerkbau na saya, fentinta ya ɗan koɗe, tukunyarta saura shekara shida. Ranar Laraba zan fita da ita gasar kulob karo na farko, harbi 40. Ku sa ni a addu'a, hannuna har yanzu yakan yi rawa a goman ƙarshe.

Naku, daga Ulm.