Yadda na hana injin tankin kifina sakin gilashi

Duk mai ajiye kifin ado a tankin gilashi ya san wannan ƙarar. Cikin dare sai ka ji ƙwas, gurnani ya biyo baya: injin ruwa ya saki gilashi, ya faɗa ƙasa yana hura yashi, kifayen sun takure a lungu guda. Nawa tankin yana falo a gidana nan Bauchi, injin kuwa ɗan ƙarami ne mai robobin mannewa a bayansa, kuma ya daɗe yana mini haka.

Robar nan ba gam gare ta ba, aikin ƙahon wanzami take yi. In ka danna ta, ka kori iska ko ruwan da ke ƙarƙashinta, nauyin iskar waje ne ke matse ta a jikin gilashi, kusan kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita. Roba mai faɗin santimita 3 tana iya samun matsi har wajen kilo 7, injin kuwa bai kai ko kusa ba. Ashe ba nauyinsa ke kada shi ba. Wata 'yar kafa ce a bakin robar, ruwa na silalewa ciki a hankali har riƙon ya mutu.

Kafar nan daga gilashin take farawa. Ka shafa shi da yatsa ta ciki, za ka ji santsi ko da idonka bai ga gansakuka ba. Mu kuma masu ruwan burtsatse muna da ƙari: farin dattin da ke bushewa a gilashi in ruwa ya ja baya, musamman a Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke shanye ruwan tanki. Nakan rage ruwan, in kankare wurin da sabuwar reza a kwance, in goge da tsumma mai ɗan ruwan khal, sannan in sake gogewa da ruwa zalla. Sabulu ko omo kam, ko kusa da tankin ba sa zuwa. Kaɗan ya isa ya kashe kifi.

Ita ma robar tana tsufa. Sabuwa tana da laushi, tana lanƙwasa. Wadda ta daɗe a ruwa takan yi tauri, bakinta ya baje. Ina jiƙa irin wannan a kofin ruwan zafi na 'yan mintuna, sai ta dawo da siffarta. Dabarar tana aiki, amma ba ta dawwama. In robar ta fara tsagewa ko ta ƙi laushi, jefar da ita ya fi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wayar wutar injin. Tana fitowa daga injin, ta haura bakin tanki, ta sauka zuwa soket, nauyinta na jan injin dare da rana. Ga kuma ɗauke wuta: duk sanda aka dawo da ita, injin yakan yi zillo kafin ya daidaita. Sai na sassauta wayar a cikin ruwa, na ɗaure ta a bakin tankin, na bar mata lanƙwasa ƙasa da soket don ɗigon ruwa ya sauka a ƙasa, kada ya bi ta ya shiga wuta. Na kuma buɗe injin na wanke farfelarsa, domin ƙwayar yashi ɗaya a ciki na sa shi karkarwa. Kafin in sa hannu a ruwa, sai na zare filogi tukuna.

Na taɓa tunanin manne shi da silikon gaba ɗaya. Mai haɗa gilashin da ya yi mini tankin ya girgiza kai: "Alhaji, in ka manne shi, ranar wanki fa? Kuma na banɗaki akwai maganin funfuna a ciki, kada ka kusanta shi da kifi." Gaskiyarsa.

Daga baya na koma maƙalin maganaɗisu, ɓari ɗaya a ciki, ɗaya a waje, gilashin a tsakani. Ya fi roba tsada, amma babu ruwansa da santsi. Sai dai ka auna kaurin gilashinka kafin ka saya, domin wanda aka yi don milimita 6 ba zai yi riƙon kirki a milimita 10 ba. In zan matsar da shi, ɗaga shi nake yi, ba na jan sa, saboda yashin da ya maƙale a ƙarƙashi yana zana gilashi. Nakan kuma duba robar da ta lulluɓe ɓarin ciki, in ta tsage tsatsa za ta shiga ruwan.