Jan biron Alhaji da kunnen wanda ya bar giya

A Katsina ba a shan giya da shela. Tun da jihar ta ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000, mai sha sai dai ya sha a ɓoye, ya tauna kanumfari don kashe wari, ya shigo cikin mutane yana karanta idon kowa. Shekarun da na yi a haka sun bar mini wani hali da bai tafi ranar da na daina sha ba: duk maganar da aka yi mini sai na juya ta, in ga ko da gori a ƙarƙashinta. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Aikina tsara rubutu a kwamfuta, a wata maɗaba'a da ke wajejen Ƙofar Ƙaura. Katin ɗaurin aure, kalandar biki, rasit ɗin 'yan kasuwa, takardun jarrabawar makarantu. Kafin a kai ga inji sai an fitar da kwafi guda, maigidanmu Alhaji ya bi shi da jan biro, domin harafi ɗaya in ya kuskure a sunan amarya, an yi asarar takarda da tawada da kwastoma gaba ɗaya.

Lokacin da nake sha, Alhaji ya daina yi mini gyara. In ya ga matsala a aikina shiru yake yi, ya miƙa wa na kusa da ni ya sake. Sai daga baya na fahimci cire rai ne aka yi da ni. Bayan na dawo daga jinya na ɗan kwana biyu, rannan da la'asar ya kira ni, ya zagaye wuri biyu a wani kati. "Malam, duba nan. Wannan kwanan watan Juma'a ya faɗa, ba Asabar ba. Rubutun addu'ar kuma ya matse, ba shi fili." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ni kuwa abin da kunnena ya jiyo mini shi ne, "Har yanzu kana sha." Ƙeyata ta ɗauki zafi, bakina ya bushe, kafin in koma kujerata zuciyata ta gama tsara mini hanyar wurin da na saba zuwa, har da kwanar da zan sauka daga Keke Napep.

Likitan da ke duba ni ya taɓa yi mini bayanin wannan. Giya tana danne ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwar sai ta saba yin aiki da ƙarfi don ta rama. In aka janye giyar, sai a bar ta a tashe. Shi ya sa rawar hannu da gumi kan fara tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, mafi haɗari kuma yakan zo a kwana na 2 zuwa na 3, har da jijjiga da gane-gane. Wanda ya daɗe yana sha da yawa kada ya yanke shi kaɗai a ɗaki, ya nemi asibiti. Wannan ina roƙon duk mai karatu ya riƙe. Rashin barci da saurin hasala kuwa suna iya bin mutum watanni. Ke nan zafin da na ji ba duka daga bakin Alhaji ya fito ba, mafi yawansa da shi na zo aiki.

A cikin ƙungiyar masu barin giya ta Alcoholics Anonymous, wadda aka kafa a Amurka a 1935, ana yawan gargaɗi kan abu huɗu: yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya. Duk wanda ya yi aikin maɗaba'a a lokacin bukukuwa bayan sallah ya san ukunsu suna nan kafin la'asar. Gyara ne ke cika na huɗun, wato fushi.

Abin da nake yi yanzu ba shi da yawa. In an yi gyara, "To, Alhaji, zan gyara" kawai nake cewa, ba na kare kaina a tsaye. Sai in rubuta maganarsa a bayan kwafin kamar yadda ya faɗa, kalma da kalma. In na ci abinci na yi alwala, sai in karanta. Kusan kullum abin da ke kan takardar kwanan wata ne da tazarar layi, babu ni a ciki. Irin wannan ranar kuma ba na tafiya gida ni kaɗai; yayana nake kira mu yi magariba tare, mu zauna wurin mai shayi har isha.

Gori na gaskiya ma akwai shi. Wani abokin aiki ya taɓa ganin na sake fitar da kwafi, ya ce a gaban yara, "Ko ta motsa ne?" Bambancin a fili yake. Alhaji yatsa yake ɗorawa a kan takarda, ya nuna wurin da zan taɓa. Wannan kuwa ni ya nuna, bai ba ni abin gyarawa ba. Ina so masu irin wannan wasa su tuna hadisin da ke cikin Bukhari, na mutumin da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda giya. Da wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Kalma guda a bakin inji tana iya rushe abin da mutum ya yi watanni yana ginawa.

Ban biye wa abokin aikin nan ba, amma na samu Alhaji shi kaɗai bayan an tashi. Na ce, "Ranka ya daɗe, kada ka rage mini gyara ko kaɗan. Roƙona dai a yi shi a teburinka, ba cikin ƙarar inji ba, inda sai an ɗaga murya kowa ya ji." Ya amince, ya kuma kafa nasa sharaɗin: ranar ganin likita ba zan tsallake ta ba ko da aiki ya kai rufi, kuma katunan manyan kwastomomi za su dawo hannuna daga mako mai zuwa.