Godiya bayan jinyar Yayanmu

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, an sallamo Yayanmu daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana gida, har ya koma yin salla a tsaye. A madadin iyalanmu nake wannan rubutu, don ba za mu iya bin kowa gida-gida ba.

Kun san an yi masa dashen ƙoda shekarun baya. Tun daga nan kullum yana kan magungunan danne garkuwar jiki, tacrolimus da mycophenolate da prednisolone, don kada jikinsa ya ƙi ƙodar da aka ba shi. To, garkuwar da ake dannewa ita ce dai mai yaƙar mura. Shi ya sa murar hunturun nan da ta zagaye gidan, yara suka yi suka warke, shi kuwa ta gangara masa ƙirji ta zama nimoniya. Jikinsa ma bai yi wani zafi ba, domin magungunan kan ɓoye zazzaɓi. Tari ne kawai da kasala, sai haki in ya taka daga ɗaki zuwa zaure.

Bayan Allah, godiya ta farko ta mai kemis ɗin unguwarmu ce. Matar Yaya ta je sayen maganin tari da na ciwon jiki. Yana jin mai dashen ƙoda ne, sai ya mayar da diclofenac, maganin ciwon jikin da ya ɗauko, cikin kantar magani, ya ce: "Hajiya, wannan ya fi ƙarfin kemis. Irin wannan maganin yana lahanta ƙoda, maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su erythromycin kuma yana hawar da tacrolimus a jini. Ku kai shi wajen likitocinsa yau, kar ku bari ya kwana." Bawan Allah ya haƙura da ciniki saboda ran mutum. Allah Ya sa ya tarar a mizani.

Likitocin sashen ƙoda, ban san da bakin da zan gode muku ba. Tun 2002 ake dashen ƙoda a asibitin nan, kuma mun ga amfanin gogewa. Kun sa masa oksijin, kun fara masa oseltamivir, maganin bairas ɗin mura da ya fi aiki in an soma shi cikin awa 48 na farko, kun daidaita shi da ƙarfin ƙodarsa. Sannan ga batun magungunan garkuwa: a rage da yawa jiki ya juya wa ƙodar baya, a ƙi ragewa huhu ya ƙara lalacewa. Gaba kura, baya sayaki. Kullum sai an ɗebi jini an duba ƙodar, mu kuma zuciya na dukan uku-uku don tsoron komawa wankin ƙoda. Allah Ya tsare, ƙodar tana aikinta.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya mai aikin dare da ba zan manta ba. In ta maƙala masa na'urar nan ta auna oksijin a yatsa, takan juyo da lambar ta nuna mini, ta ce: "Ka gani, ta hau. Je ka ɗan runtsa."

Abokan kasuwancinsa na Kantin Kwari da suka haɗa gudummawa ba tare da mun roƙa ba, liman da jama'ar masallacinmu da suka dage da addu'a, maƙwabtan da suka riƙe mana yara, da mai Adaidaita Sahun da ya ƙi karɓar ko sisi, Allah Ya saka muku da mafificin alheri.

Ina kuma gode wa waɗanda ba su zo dubiya ba saboda suna tari. Goggonmu ta taso tun daga Fagge, ta tsaya a bakin zaure ta yi addu'a ta juya, idonta cike da hawaye. Wallahi wannan ma zumunci ne, kuma mun ɗauke shi da girma.

Sai roƙo ɗaya. Likitoci sun ce masu dashe kan daɗe kafin bairas ya bar jikinsu, kuma har yanzu bai gama murmurewa ba. Mai mura ko tari ya gaishe shi ta waya. Mai lafiya ya zo bayan la'asar, akwai ruwa da sabulu a ƙofa, da takunkumin da zai saka kafin ya shiga.