Maɓallin WinForms da ya ƙi karɓar salon rubutun da ka saka masa

Duk wanda ke haɗa manhajar kwamfuta da yaren C# a WinForms, wato kayan aikin Microsoft na haɗa tagogi da maɓallan manhaja, irin ta lissafin kanti ko ta rijistar ɗalibai, wata rana zai gaji da tsohon Microsoft Sans Serif ɗin nan ya ce bari ya sa nasa salon rubutun a kan maɓallai. Mu masu rubuta manhaja da Hausa kuma abin ya wuce kwalliya, don salo da yawa masu kyan gani ba su da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, sai ka rubuta "Ƙara kaya" a maɓalli ka ga Ƙ ɗin ta fito siririya daban da sauran saboda Windows ya aro ta daga wani salon, wani lokacin ma ɗan akwati fanko kawai za ka gani. Ni dai Andika na SIL ko Noto Sans na Google nake ɗauka, duk suna da ƙugiyoyin nan kuma lasisinsu na OFL ya yarda ka cusa su cikin manhajarka har ka sayar, ka dai haɗa da fayil ɗin lasisin.

To ga inda rigimar take. Ka zuba fayil ɗin TTF, wato fayil ɗin salon rubutun, a Resources, ka loda shi da AddMemoryFont na PrivateFontCollection, ka ba maɓalli sabon Font, ka kunna, ba kuskure ba jan rubutu ba komai, amma maɓalli yana nan da tsohon rubutunsa kamar ba da shi ake ba. Abin haushin ma idan ka zana rubutun da kanka da DrawString sai ya fito tsaf.

Dalili shi ne Windows yana da injin zana rubutu guda biyu, tsohon GDI da kuma GDI+ da ya zo tare da Windows XP a 2001. Tun .NET 2.0 a 2005 maɓallan WinForms suka koma zana rubutunsu da GDI, shi ne aikin layin nan SetCompatibleTextRenderingDefault(false) da Visual Studio ke rubuta maka a Program.cs na manhajar .NET Framework wanda kusan ba mai karantawa. Shi kuwa AddMemoryFont GDI+ kaɗai yake sanar wa, kenan ka kai saƙo gidan ƙane alhali wa ne ke aikin, GDI ya nemi sunan salon bai same shi ba sai ya yi shiru ya ɗauko wani.

Hanyar gaggawa ita ce ka mai da UseCompatibleTextRendering na maɓallin ya zama true, nan take zai fito. Amma gaskiya ban cika sonta ba, TextBox ba shi da wannan saitin sam, kuma in FlatStyle na maɓallin yana kan System to Windows ne da kansa ke zana shi, saitin ba zai yi komai ba, ga tazarar haruffan GDI+ a ƙananan rubutu wani sa'in tana fita wani iri. Abin da ya fi shi ne ka kira AddFontMemResourceEx daga gdi32.dll ta DllImport, ka miƙa masa memorin nan dai da ka ba AddMemoryFont, shikenan GDI da GDI+ dukkansu biyu sun san salon. In kuma ba ka son wahalar nan ka ajiye TTF ɗin kusa da manhajar ka yi amfani da AddFontFile, shi yana yi wa GDI rijistar da kansa.

Sannan PrivateFontCollection ɗin ka sa shi static ya rayu har a rufe manhaja, kar ka sa shi cikin using kuma kar ka yi saurin sakin memorin, in ba haka ba manhaja za ta yi ta aiki lafiya lau sai can tsakar rana ta faɗi a hannun kwastoma.

Kuma don Allah a gwada a kwamfutar da ba a taɓa girka salon ba, don a taka komai zai yi kyau tunda yana ciki. Ka yi maɓalli ɗaya na gwaji ka rubuta ɓ ɗ ƙ ƴ da Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ gaba ɗaya, saboda a Unicode, wato tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ba rukuni ɗaya suke ba, ɓ da ɗ suna cikin haruffan IPA na rubuta furuci, sauran kuma suna Latin Extended-B, shi ya sa za ka iya samun salon da ke da wasu ba shi da wasu.