Inda sabar take, da hannun da ke riƙe da ita

Shafina na farko ƙaramin abu ne: rubuce-rubuce, ’yan hotuna, da wani akwati da masu karatu ke turo mini saƙo ta cikinsa. Na ɗora shi a masauki mafi araha da na samu, irin wanda ake cusa ɗaruruwan shafuka a kan sabar guda, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafuka a intanet, kowa na ɗibar ƙarfinta. Watan farko lafiya lau. Daga baya sai na lura da yamma shafin kan yi nauyi, ka danna ka zauna kana kallon ’yar da’irar nan tana juyawa, daƙiƙa biyar, shida, kafin rubutu ya fito. Na rage girman hotuna, na cire tarkacen manhajojin da na liƙa wa WordPress, manhajar da na gina shafin da ita, abin bai motsa ba. Sai da na buɗe kayan binciken da ke cikin burauza na ga inda lokacin ke tafiya: sabar ce ke daɗewa kafin ta ce uffan. Maƙwabtana a kan injin ne ke shanye ta.

Na koma VPS, wato yanki na sabar da aka ware mini ni kaɗai, da nawa ƙarfin da nawa ma’adanin. Nauyin yamma ya ɓace, amma wani ɗan jinkiri ya ƙi tafiya, kuma laifina ne, domin na zaɓi cibiyar ajiye sabar mai nisa da yawancin masu karanta ni. Haske a cikin zaren gilashin da ke ɗauke da intanet yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Idan sabar tana nesa da kilomita 10,000, zuwa da dawowa kaɗai zai ci kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ko da hanyar miƙaƙƙiya ce. Kuma burauza ba sau ɗaya take zuwa ba: tana gaisawa da sabar, su yi musayar makullan ɓoye bayanai, sannan ta nemi shafin. Sawu uku ke nan kafin harafi ɗaya ya iso. Ba kuɗin da ke sayen saurin haske. Na mayar da shafin cibiya mafi kusa, na sa kamfanin Cloudflare a gaba ya riƙa ajiye kwafin hotuna a wurare daban-daban, sai shafin ya riƙa buɗewa kamar ƙiftawar ido.

Takardar HTTPS, wadda ke sa a ɓoye bayanan da ke bi tsakanin burauza da shafi, ban sha wahalarta ba, Let’s Encrypt na bayar da ita kyauta, kuma injin na sabunta ta da kansa. Ajiyar kwafi kuwa na ɗauke ta da gaske tun gobarar da ta cinye wata cibiyar kamfanin masaukin shafuka na OVH a Strasbourg ta Faransa a watan Maris na 2021. Akwai waɗanda kwafinsu yana wuri ɗaya da asalin, duka suka ƙone tare. Nawa yana wajen wani kamfani daban.

Batun VPN, wato rufaffiyar hanyar da ke bi da bayananka ta wata sabar kafin su fita intanet, ya taso ne saboda ina yawan shiga sabar ta wayifai na jama’a. Na fara da wani na kyauta, na yi makonni ina jin na rufu. Ranar da na gwada shi a shafin duba yoyon DNS, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshinsa, sai ga sunan kamfanin da ke ba ni intanet ɓaro-ɓaro a kan allo. Adireshina na IP, lambar da ake gane na’urata da ita a intanet, ya ɓoyu, amma sunan duk shafin da na nema yana bi ta tsohuwar hanya. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin amana na ba VPN ɗin.

A nan na gane abin da tallace-tallace ba sa faɗa. VPN ba ya sa ka ɓace. Abin da kamfanin intanet ke gani a da, yanzu mai VPN ne ke ganinsa. Saboda haka tambayata ta koma: wane ne wannan, a ƙarƙashin dokar wace ƙasa yake, me yake rubutawa ya ajiye? Kowa na cewa ba ya ajiye komai, faɗa ba wuya. Abin da ya ja hankalina ga kamfanin VPN na Mullvad shi ne ba sa neman imel, lamba mai alƙaluma 16 kawai suke ba ka. A watan Afrilun 2023 ’yan sandan Suwidin sun je ofishinsu a Gothenburg da takardar izinin bincike, suka fita ba su tafi da bayanan kowa ba. Irin wannan shaidar ta fi mini alkawari dubu.

Wajen sauri, WireGuard nake amfani da shi, wani tsarin haɗa VPN wanda ya shiga cikin babbar manhajar Linux a 2020. Ya fi tsohon tsarin OpenVPN sauƙi a waya, yana haɗuwa nan take. Dokar nisa tana nan daram: in na zaɓi sabar VPN a wata nahiya, komai sai ya yi wannan zagayen. Na kuma kunna makullin da ke yanke intanet gaba ɗaya idan VPN ya katse. Amma in na shiga Google ko Facebook da sunana, sun san ni ne, ko ta ina na ɓullo.

Daga baya na kafa WireGuard a kan VPS ɗina, na rufe ƙofar sarrafa sabar ga kowa sai wanda ya biyo ta wannan hanyar. Yunƙurin kutse da nake gani a rajista kullum, baƙin adireshi suna ta gwada kalmar sirri dare da rana, ya tsaya cak. Sai dai wannan hanyar ba ta ɓoye ni, tunda adireshin nawa ne ni kaɗai, da sunana aka yi rajistarsa. Shi ya sa nake riƙe da guda biyu a waya: nawa don aikin shafi, na haya don yawo a intanet.