Kwana uku a Solo, ina bin sawun tsohon zane

Jirgin ƙasan da na hau a tashar Tugu ta Yogyakarta ya sauke ni a Solo Balapan bayan awa guda da 'yan mintuna. Garin a takarda Surakarta ne, amma kowa Solo yake ce masa. Yana tsakiyar tsibirin Jawa na ƙasar Indonesiya, kuma abin da ya kai ni shi ne zane. Shekara ashirin ke nan ina sayar da atamfa, kuma tun ranar da na ji cewa Turawan Holan daga batik, rinannen zanen mutanen Jawa, suka kwaikwayo ta, har kamfanin Vlisco da aka kafa a garin Helmond na Holan a 1846 ya yi suna da ita a kasuwanninmu, raina ya ƙi kwanciya. Na fara tara tsofaffin zannuwan Asiya ɗaya bayan ɗaya daga hannun 'yan tireda. Wannan karon na ce sai na ga gidan da kakar atamfa ta fito.

Da hantsi na hau keke mai taya uku da suke kira becak zuwa Kasuwar Triwindu. An kafa ta a 1939 don bikin cikar Sarki Mangkunegara na Bakwai shekara 24 a kan gado. Windu a lissafinsu shekara takwas ce, tri kuma uku, windu uku ke nan suka ba da sunan. Bene ne mai hawa biyu, lunguna ƙanana, kaya har rufi: fitilun tagulla, dutsen guga na gawayi, tangaran na Sin, tsofaffin kuɗi, wuƙaƙen keris masu lanƙwasa kamar maciji. Ƙanshin tsohon katako da turare ya cika wurin.

A wani shago na tsaya kan 'yan tsana biyu na katako, ango da amarya, suna zaune a durƙushe cikin kayan biki. Loro blonyo ake ce musu. A da, a ƙuryar ɗakin tsakiya na gidajen manya ake ajiye su, alamar zaman lafiyar ma'aurata da albarkar shinkafa. Kusa da su an jera wayang kulit, 'yan wasan inuwa da ake yankawa daga fatar ɓauna, an huda su da ƙananan ramuka har haske na ratsawa kamar leshi. Ba zan ɓoye ba, na ɗan ja da baya, don mu ba mu taso da ajiye siffofi a ɗaki ba. Mai shagon dattijo ne da hula baƙa, yanzu ya dawo daga sallar walha. Ya ga fuskata ya yi murmushi. Ya ce a wajensu ana ba da labari cewa Sunan Kalijaga, ɗaya daga cikin waliyyai tara da suka yaɗa Musulunci a Jawa, da wannan wasan ya riƙa tara jama'a yana yi musu wa'azi. Na duba dogayen hannuwan da siraran wuyan, lallai ba su yi kama da ɗan Adam sosai ba.

Sai ya buɗe wani akwati ya ciro fuskar katako wadda masu rawa ke sawa, topeng. Fara ce sol, idanu sirara, hanci a miƙe. Ya ce wannan Panji ne, yariman da ke yawon neman masoyiyarsa. Ya nuna min abokin gabarsa Klana a bango, ja wur, idanu a waje. Ya juya farar ya ce, "Pak (wato Malam), duba nan." A ciki, daidai baki, akwai ɗan guntun fata da aka kafe. Ba igiya ake ɗaura wa irin wannan ba, mai rawa cizon fatar yake yi da haƙora, shi ya sa ba ya magana muddin tana fuskarsa. Fatar ta yi baƙi, ta yi laushi, ga shatin haƙora ɓaro-ɓaro. Wajen goshi katakon ya yi sheƙi saboda gumi.

Na tambaye shi yadda ta zo hannunsa. Ya ce jikokin wani mai rawa ne daga ƙauye suka kawo ta, rashin lafiya ta shigo musu gida. Na daɗe riƙe da ita. Kuɗin da ya yanka ban kasa biya ba. Amma shatin haƙoran nan ya tsaya min a rai, na ji kamar zan ɗauki alkyabbar kakan wani in kai ta inda ba wanda ya san sunansa. Ga kuma doka: dokarsu mai lamba 11 ta 2010 ta hana fita da abin da aka ɗauka a matsayin gadon tarihi ba tare da izini ba, kuma daga shekara 50 abu ke iya shiga wannan sahu. Mutanen da sai a 2020 Holan ta dawo musu da keris ɗin Yarima Diponegoro, wanda ya yaƙi mulkin Holan a Jawa, a 2023 kuma ta amince ta mayar da ɗaruruwan kayayyaki har da dukiyar da aka kwashe daga tsibirin Lombok, sun san zafin rabuwa da kayan kakanni. Na mayar masa da ita. Bai ji haushi ba, har shayi ya aika aka kawo min.

Muna shan shayin ya koya min abin da ya fi abin da zan saya amfani. Da yawan "tsofaffin" kayan kasuwa, in ji shi, bara aka sassaƙa su. A jiƙa da ruwan shayi, a goga man takalmi, a rataye a kan hayaƙi, wani ma a binne shi 'yan watanni. Tsufan gaskiya yana bin inda hannu da gumi ke taɓawa, na jabu kuwa ko'ina ɗaya yake.

Washegari na shiga gidan adana batik na Danar Hadi, inda aka tara zannuwa wajen dubu goma. A nan na ga parang, zanen layuka masu karkata da a da sai 'yan gidan sarauta ke ɗaurawa, da sidomukti na ango da amarya, da truntum na iyayensu. Na ga kuma na garuruwan gaɓar teku masu furanni da tsuntsaye, waɗanda da an ajiye su a Kantin Kwari ba mai cewa baƙi ne.

Amma unguwar Laweyan ce ta riƙe ni. A bayan wani gida mai doguwar katanga na tarar da mata biyar zaune a kan 'yan kujeru, sun kewaye ƙaramin kasko da kaki ke narkewa a ciki. Kakin nan sunansa malam a bakinsu, kuma da na gaya musu ma'anar kalmar a wajenmu sun yi ta mamaki. Kowace na riƙe da canting, ɗan ludayin jan ƙarfe mai siririn baki da mariƙin gora. Ta ɗebo, ta hura bakinsa sau ɗaya, ta ɗiga. Inda kaki ya hau, rini ba ya kamawa. A rina da shuni, a kankare, a sake rufewa, a tsoma a ruwan ɓawon itacen soga mai ba da launin ƙasa-ƙasa, a ƙarshe a tafasa kakin ya fita. Warin baba da na shaƙa a wajen bai bambanta da na marinar Ƙofar Mata ba.

Babbar cikinsu ta nuna min yadda ake gane na hannu, batik tulis: a juya bayan zanen, launin ya ratsa daidai da gaba, kuma ɗigo biyu ba sa taɓa zama iri ɗaya. Na tambari, batik cap, maimaita kansa yake yi. Wanda ke kan cinyarta truntum ne, ta ce wata na uku ke nan tana kansa.

Na ce, "Bu (wato Mama), akwai irinsa da aka gama?" Ta shiga ciki ta fito da guda, har yanzu yana ƙanshin kaki. Ban taya ba. Na roƙe ta ta rubuta min sunanta da na unguwar da shekarar a takarda, na ninke na sa a cikin zanen. Da na dawo gida na fito da sauran da na tara a baya, guda goma sha ɗaya, na shimfiɗa su a tabarma ina juya bayansu ɗaya bayan ɗaya. Huɗu ne kawai launinsu ya ratsa.