Yadda na samu taken bincikena a wurin 'yan albasa

Sau uku sufabaizana yana maido min da take lokacin da nake digiri na biyu a fannin kasuwanci, kuma wallahi yana da gaskiya don duk a intanet na kwaso su, na farko kan AI a kamfanoni, na biyu aiki daga gida bayan korona, na uku yadda kamfanoni ke kula da muhalli. Duk abubuwan da ake yayi ne a bincike yanzu. Sai ya ce min, "Malam, in ka cire siminti na Kalambaina, kamfani nawa ka sani a Sakkwato da za ka samu bayanin wanga abu?" Na yi shiru.

Ana cikin haka aka shiga wahalar kuɗi ta farkon 2023, bayan Babban Banki ya sanar a Oktoban 2022 zai sauya takardun naira 200 da 500 da 1000. Wata rana ina zaune wurin kawuna dillalin albasa, wani dattijo ya kawo buhuna daga Goronyo, an yi ciniki an gama, kawu ya ciro waya zai yi taransifa, tsohon ya dafe buhu ya ce "ɗana, alat ba kuɗɗi na ba, abin da hannuna bai ƙirga ba ban sai da ba." A nan na samu take: yadda ƙananan 'yan kasuwa ke karɓar biya ta waya da POS. Ashe ma babban fanni ne, shigar da talaka harkar banki, ana ta rubutu a kai.

Inda na sha wuya shi ne takardar tambayoyi. Na buga da Turanci na shiga rabawa, mutane suka ɗauka ma'aikacin haraji ne, wasu ko karɓa ba su yi ba. Sai da kawu ya kai ni wurin shugaban 'yan albasa ya gabatar da ni, na aje takarda na koma hira da Hausa, kuma bayan azahar, don da safe ba mai lokacinka ana sauke kaya.

Abin da na ji ya rushe zaton da na zo da shi cewa rashin boko ne matsalar. Mutumin da ke riƙe bashin mutum ashirin a ka ba lissafi ne ya gagare shi ba. Netwok ne ke cin amanarsu, an cire kuɗi can bai shigo nan ba ga mai mota na jira, sai cajin masu POS, sai tsoron riba, wato kuɗin ruwa, da yawa sai a bakina suka fara jin akwai banki marar ruwa irin Jaiz tun 2012. Wani kuma zai ce maka ba shi da akawun alhali kullum kuɗinsa na shiga na ɗansa, to a wane layi za ka sa shi? Wannan tambayar kaɗai sai da ta sa na sake babi na uku gaba ɗaya.